Mutum 500 sun yanke wa tsoho hukuncin kisa a kan maganar bakinsa: shari'ar taro ta fi ta alƙali ɗaya?

Ɗan Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya nake da ita, amma sai na yi mata shimfiɗa, a yi mini haƙuri.

Ni ke riƙe da littafin wata 'yar ƙungiya ta masu sauke albasa a nan kasuwa. Muna gyaran dokokinmu, abu biyu kuma sun raba kanmu. Samari sun ce sun gaji da dattawa uku su shige ɗaki su kashe kowace rigima, suna so ko ƙarar bashi ce ko ta ƙwacen abokin ciniki a kawo ta gaban kowa da kowa, a saurara, a ɗaga hannu. Dattawa kuma suna so a rubuta cewa duk wanda ya ɓata sunan ƙungiya, musamman a WhatsApp, a kore shi.

Ɗana na fari da ke karatu a Akoka ya zo ya iske ni da takardun baje a kan tabarma. Da ya ji abin da ake ciki sai ya ce, "Baba, ai mutanen Atina ta ƙasar Girka sun gwada duka biyun shekaru sama da 2,400 da suka wuce." Ya tura mini abin da suke karantawa, tun daga nan kuma maganar ta ƙi fita raina.

Ga yadda na fahimci tsarinsu. Kowace shekara ana fitar da sunayen maza 6,000 masu shekara 30 zuwa sama, ba ta hanyar zaɓe ba, ta canki-canka, su yi rantsuwa za su yi hukunci bisa doka. Manomi ne, maƙeri ne, matuƙin jirgin ruwa ne, duk ɗaya. Ƙaramar ƙara mutum 201 ke zama a kanta, babba 501 ko fiye. Ana biyan kowa obol 3 a yini, wato rabin darakma a kuɗinsu, kusan rabin abin da magini ke samu, domin talaka ma ya iya barin aikinsa ya zo. Daga baya, don a toshe ƙofar toshiyar baki, sai ranar shari'a da safe ake raba su kotuna da wani allon dutse mai ramuka da ake soka katin sunan kowa a ciki, ta yadda shi kansa mai zaman bai san ƙarar da za ta faɗo masa ba. Babu lauya, kowa da bakinsa zai kare kansa. Agogonsu tulu ne mai huda a gindi: ruwa na tsiyaya kana magana, ya ƙare ka yi shiru. Shari'a ba ta kwana.

Wallahi da na karanta wannan sai na ji samarinmu suna da gaskiya. Wa zai iya sayen mutum 500 da bai san sunayensu ba sai da gari ya waye?

Sai na iso shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Akwai wani tsoho ɗan shekara 70, Sukurat, ɗan mai sassaƙar dutse, uwarsa ungozoma. Ya yi wa garinsa yaƙi, ba ya karɓar kuɗin koyarwa, yawancin yawonsa ba takalmi. Aikinsa ya tare manya a kasuwa ya tambaye su mene ne adalci, mene ne jarumtaka, ya yi ta bin amsarsu da tambaya har ta bayyana ba su sani ba, samari na tsaye suna kallo. Wani Meletos ya kai shi ƙara, da goyon bayan Anitos, babban ɗan siyasa mai sana'ar jima, da wani Likon. Tuhumar ita ce ba ya girmama allolin da gari ke bauta wa, yana kawo sababbi, yana kuma lalata tarbiyyar matasa. Almajirinsa Aflatun, wanda yana wurin, ya ruwaito shi yana cewa da ƙuri'a 30 sun koma ɗaya ɓangaren da ya kuɓuta, wato kusan 280 da 220 ke nan. A dokarsu mai ƙara zai faɗi hukuncin da yake so, wanda aka kama ya faɗi nasa, taro ya ɗauki ɗaya, ba tsaka-tsaki. Meletos ya ce kisa. Sukurat ya ce abin da ya cancanta shi ne gari ya riƙa ciyar da shi kyauta, daga baya ya sauko ya ce tara ta mina 30 (mina ɗaya darakma 100 ce) da abokansa za su tsaya masa. Taro ya zaɓi kisa. Ya yi wata guda a kurkuku saboda ba a kisa sai jirgin ibadarsu ya dawo daga tsibirin Delos. Abokinsa Kirito ya shirya masa hanyar gudu, ya ƙi, ya karɓi ƙoƙon guba ya sha.

Bai saci komai ba, bai zubar da jinin kowa ba. To masana, laifin tsarin taro ne, ko laifin dokar da ta sa magana ta zama abin kisa? Ni abin da ya fi damuna shi ne a nan buƙatar samarinmu da ta dattawanmu ne suka haɗu wuri guda, ga abin da suka haifa.

Baristan Ikeja:

Wa alaikumus salam Alhaji. Tambayarka ta ƙarshe ita ce gaɓar, ni kuma na fi ɗora laifin a kan tuhumar.

Duba abin da aka ce ya yi: rashin girmama alloli da lalata matasa. Wane aiki ne takamaimai? Ran yaushe, a ina? Dokarsu ta tanadi hukunci a kan raina addinin gari, amma an bar wa masu zaman su auna da zuciyarsu abin da ya kai a kira shi raini. Doka mai irin wannan faɗin taru ce, ba ta zaɓen kifi. Shi ya sa sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka. Mu nan Legas mun ga irinta da idonmu: Doka ta 4 ta mulkin soja a 1984 ta haramta buga abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta raini, da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a kan labarin naɗin jakadu. Ba taro ne ya yanke musu ba, kotun musamman ce ta mutum kaɗan. Saboda haka "ɓata sunan ƙungiya" da dattawanku ke so, roƙona kada ka bari ta shiga littafi haka. A rubuta a fili: wanda ya yi wa wani ƙazafin sata ko cin amana ya kasa kawo hujja, ga hukuncinsa. Wanda ya ce shugabanni su kawo lissafin kuɗin wata-wata, wannan ba laifi ba ne ko da ya faɗa da zafi.

Amma taron ma yana da nasa. Babu alƙalin da zai ce wannan shaidar jita-jita ce, a jefar. Ba sa keɓewa su tattauna, ana gama jawabi sai ƙuri'a. Ba sa faɗin dalilin hukunci, babu ɗaukaka ƙara. Masu zaman kan yi ihu su katse mai magana, shi kansa Sukurat sai da ya yi ta roƙo a bar shi ya ƙarasa. Ya kuma ce musu da dokarsu ta hana gama shari'ar kisa a yini ɗaya, da ya gamsar da su.

Abu biyu nake yaba musu. Ƙuri'arsu a ɓoye take. A ƙarnin Aristo, almajirin Aflatun, kowane mai zama ana ba shi faifan tagulla biyu, ɗaya sandar tsakiyarsa a huje, ɗaya a toshe, ya rufe bakin sandar da yatsunsa ya jefa wanda ya ga dama, na kusa da shi bai san me ya jefa ba. Ɗaga hannu a gaban uban gidanka da ke ba ka buhu bashi ba ƙuri'a ba ce, a gaya wa samarin. Na biyu, wanda ya shigar da ƙara irin wannan ya kasa samun kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u, tarar darakma 1,000 ce a kansa.

Kada kuma mu ɗaga hanci. Su sun yi gaggawa, mu muna da mutane a gidajen yarin Ikoyi da Kirikiri da suka shekara da shekaru ba a ko fara sauraren shari'arsu ba, mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan ma jiran shari'a suke.

Malamin Idi-Araba:

Barista ya yi bayani, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara kaɗan ta fuskar da na fi sani.

Da farko a kiyaye da gwada mutanen Atina da mu kai-tsaye. Masu bautar gumaka ne, addininsu kuma ba littafi ne da aƙida ba, yanka ne da bukukuwa da gari ke yi tare. Sun yi imani in mutum ɗaya ya fusata allolin, gari duka zai ɗanɗana. Tsoro ne ya zauna a kotun nan. Tun kafin shari'ar Sukurat, wani masani Anaksagoras ya bar garin saboda ya ce rana dutse ne mai ci da wuta.

Ni ban yarda cewa kowa na da damar ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa ba, a kan addini ko a kan mutuncin mutane. Suratun Nur ta sa bulala 80 a kan wanda ya yi wa kamammiyar mace ƙazafi ya kasa kawo shaidu huɗu. Kundin ƙasar ma da ya ba da 'yancin addini a sashe na 38 da na magana a 39, ya zo a 45 ya yi musu iyaka. Amma tsakanin a ce magana tana da iyaka da a ce taro ne zai auna ta, akwai tafiya mai nisa. Alƙalanci a Musulunci ilimi ne da amana. Hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Annabi (SAW) ya hana alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. In an hana mutum ɗaya mai ilimi, ina ga 500 da ke zuga juna?

Na taɓa tsayawa a wata tashar mota aka yi ihun ɓarawo. Kafin ka ce kwabo an kayar da wani yaro, an rataya masa taya, wani yana zagayawa yana neman fetur. Na tambayi mutum uku da ke dukansa me ya sata, ko ɗaya bai sani ba. Wata mai sayar da burodi ce ta faɗa kansa tana kururuwa har aka samu aka janye shi jina-jina. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ma a gida an sha yin irin wannan da sunan kare addini, ba alƙali, ba shaida, ba a ko ji ta bakin mutum ba. Wannan ba shari'a ba ce, kuma wanda ya jefa dutse zai amsa a gaban Allah shi kaɗai, taron ba zai raka shi ba.

Kada kuma a ɗauka sarki ɗaya ya fi. Imam Malik an yi masa bulala a Madina saboda fatawarsa cewa sakin da aka tilasta wa mutum bai auku ba. Imam Ahmad bin Hambal an ɗaure shi an dake shi a fitinar da Halifa Ma'amun ya fara a 833 miladiyya, saboda ya ƙi yarda cewa Alƙur'ani halitta ne. Hukuma ce ta yi musu, ba 'yan kasuwa ba.

Abba Computer Village:

Allah gafarta Malam, da girmamawa, ina ganin an yi wa mutanen Atina rashin adalci in aka haɗa kotunsu da masu taya da fetur. Sun rubuta tuhuma, sun sa rana, sun yi rantsuwa, sun ba mutumin sa'o'i ya yi magana, kuma kusan 220 sun ce ba shi da laifi.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. Atina ta yi shekara 27 tana yaƙi da garin Sparta, daga 431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta sha kashi. Sparta ta ɗora musu wasu mutum 30 da suka kashe kimanin mutum 1,500 cikin wata takwas, akasari ba shari'a. Jagoransu Kiritiyas yana cikin masu zama da Sukurat. Alkibiyades, wanda ya gudu ya koma wa Sparta yana ba su shawara a tsakiyar yaƙi, shi ma na hannun damansa ne. Sukurat kuma bai ɓoye cewa yana ganin wauta ce a naɗa masu mulki ta canki-canka ba. Da talakawa suka ƙwato mulkinsu a 403 sai suka yi yarjejeniyar yafe abin da ya wuce, ba a ƙarar kowa a kansa in ban da shugabannin zaluncin. Anitos yana cikin waɗanda suka yi gudun hijira suka dawo da yaƙi. Ina ganin tun da ƙofar siyasa a rufe take, sai aka bi ta ƙofar addini. Shekara 50 da 'yan kai bayan shari'ar wani mai jawabi, Aiskines, ya faɗa a gaban kotu ƙarara cewa an kashe Sukurat ne don shi ya koyar da Kiritiyas.

Ban ce sun kyauta ba. Mutumin nan ya ƙi bin umarnin su Kiritiyas da suka aike shi ya kamo wani Leyon na Salamis a kashe, ya yi tafiyarsa gida. Kama malami da laifin almajiri zalunci ne. Amma a tuna, dimokuraɗiyyar nan ta bar shi yana caccakar manya a kasuwa shekaru da dama, a majalisarsu kuma mai shela kan tashi ya ce wa ke son magana, kowane ɗan gari ya miƙe. Wane sarki ne a wancan zamanin zai jure wannan ko na wata guda? Baba Ɗan Albasa, kada wannan labarin ya sa a mayar da samarinku bakin ƙofa.

Maman Khalifa, Agege:

Abba, "kowane ɗan gari" ɗin nan da ka faɗa shi ne inda ni na tsaya. Mace ba ta cikin 500 ɗin, ba ta magana a majalisa. Bawa ba ya ciki, shaidarsa ma ba ta karɓuwa sai an azabtar da shi. Masu ƙuri'a ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar ba. Tun 451 Ferikilis, jagoran Atina a lokacin, ya kawo dokar cewa ba ka zama ɗan gari sai uwarka da ubanka duk 'yan Atina ne.

Sai baƙi mazauna, waɗanda labarinsu ya fi taɓa ni. Namiji na biyan harajin zama darakma 12 a shekara, dole ya sami ɗan gari da zai tsaya masa, ba ya mallakar fili ko gida sai da izini na musamman, amma in yaƙi ya zo da shi ake fita. Akwai Lisiyas, mahaifinsa mutumin Sirakus ne, gidansu na da masana'antar garkuwa. Mutum 30 ɗin nan sun ƙwace dukiyarsu, suka ba ɗan'uwansa guba ba shari'a. Ya tsere, ya taimaki masu ƙwato mulki da kuɗi da garkuwoyi. Da aka ci nasara aka kawo shawarar a ba irinsu 'yancin ɗan gari, aka soke ta. Ya ƙare rayuwarsa yana rubuta wa 'yan gari jawabin da za su haddace su karanta a kotun da shi ba zai taɓa zama mai hukunci a cikinta ba.

Kakana goro ya kawo shi Agege, a nan aka haifi babana, a nan aka haife ni, ina koyarwa da Yarbanci a bakina, har gobe kuma akwai mai tambayata yaushe zan koma garinmu. Don haka Alhaji, kafin ku yi gardamar ɗaga hannu, a duba hannun wa za a ƙirga. 'Yan dakon da ke sauke buhunan suna ciki? Matan da ke saye kashi-kashi su kasa a bakin hanya fa, in dillali ya cuce su wa ke jin ƙararsu?

Ɗan Albasa, Mile 12:

Hajiya, ba sa ciki, kuma zan tayar da maganar. Na gode muku duka. Barista, saura abu ɗaya: su mutanen Atina sun taɓa yanke hukunci suka dawo suka warware, ko in taro ya faɗi shi ke nan?

Baristan Ikeja:

A kotu ba a warwarewa, Alhaji. A majalisa an taɓa yi. A 428 garin Mitilene ya yi musu tawaye, suka murƙushe shi a 427. Cikin fushi majalisa ta bi shawarar wani ɗan siyasa Kiliyon cewa a kashe duk mazan garin, a bautar da mata da yara, aka tura jirgi da umarnin a ranar. Da aka kwana jikin mutane ya yi sanyi, aka sake zama, wani Diyodotos ya yi jayayya da Kiliyon, aka juya hukuncin da ƙyar. Jirgi na biyu ya bi na farko, matuƙa suna cin abinci a bakin aiki, suna barci bi da bi, suka iso kwamandan ya riga ya karanta umarnin farko yana shirin zartarwa. Garin ya tsira, duk da haka an kashe kimanin mutum 1,000 da aka ce su ne kan tawayen.

A 406 kuwa ba a sami wannan damar ba. Sun ci yaƙin ruwa a Arginusai, amma guguwa ta hana a ceto waɗanda jiragensu suka nutse. Dangin mamata suka cika majalisa, wani Kaliksenos ya kawo shawarar a yanke wa kwamandojin hukunci a dunƙule da ƙuri'a ɗaya, maimakon kowa a saurare shi daban. Sukurat yana cikin masu jagorancin zaman a lokacin, shi kaɗai ya tsaya a kan cewa wannan ya saɓa doka, ana yi masa ihu da barazana. Aka kashe kwamandoji shida da ke gari, har da ɗan Ferikilis. Ba a daɗe ba mutane suka yi nadama, suka sa a tuhumi waɗanda suka zuga su. Kaliksenos ya tsere kafin a yi masa shari'a, ya dawo bayan yarjejeniyar 403, kowa na ƙyamarsa, yunwa ta kashe shi.